Tarakta na yanke ƙarfi idan garma ta kama ƙasa: a sauke inji ko a dakata?

Baban Hafsat (Agege): Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masu sanin inji a cikinmu, don abin ya kai ni maƙura. Tarakta ce gare ni, Massey Ferguson 135, mai injin Perkins silinda 3. Ta mahaifinmu ce, Allah ya jiƙansa. Daga Funtuwa aka ɗoro ta a tirela aka kawo mini gonar da nake haya a wajen Epe, inda muke rogo da masara. Da safe bugu ɗaya take tashi. A silo, wato tana tsaye inji na aiki ba a ba ta wuta ba, muryarta lafiya lau, a kan hanya ma ba ta da matsala. Amma da zarar an sauke garma ta kama ƙasa, sai ta yi kamar minti 20 da ƙarfinta, daga nan ta fara sanyi. Direba ya ba ta wuta, ba ta amsawa. Murya ta yi ta yin ƙasa har sai ya taka kuloci ko ya ɗaga garma, in ba haka ba ta mutu. In aka bar ta ta huta kaɗan sai ta dawo garau, a sake shiga, abin ya sake dawowa. Wani bakanike ya zo ya canja filtar mai, ya taɓa wani abu a jikin injekta, wato famfon da ke harba wa inji mai, ta ɗan yi dama-dama, sannan ta koma gidan jiya. Yanzu ya ce sai an sauke inji an sa ringi da fistin. Ga ruwa ya sauka, mutane sun ba da kuɗin huɗa suna jira. Me kuka gani?

Ɗan Ladipo: Wa alaikumus salam Alhaji. Gaskiya bakaniken nan bai yi ƙarya ba. An daɗe da daina ƙera 135, ka ga ko autarsu ce a hannunka ta ga jiya ta ga yau. Inji in ya tsufa, da ya ɗauki zafi sai kwamfreshan, wato ƙarfin matsin cikin silinda, ya zube. Kuma kayan Perkins ba sa wuyar samu, ringi da fistin da layina da gaskit duk a kwali ɗaya suke zuwa. A sauke a yi mata gaba ɗaya a huta.

Baba Mai Injekta (Mile 12): Alhaji, kafin kowa ya ɗauki sufana, amsa mini abu ɗaya. A lokacin da take yanke ƙarfin, me ke fita daga salansa? Baƙin hayaƙi, fari, mai shuɗi-shuɗi, ko babu komai? In ba ka lura ba ka kira direbanka yanzu, shi ne salansar ke gaban fuskarsa yini guda.

Baban Hafsat (Agege): Allah ya ƙara girma Baba. Na kira shi. Ya ce da farkon shiga, in garma ta ci karo da wuri mai tauri, takan yi ɗan baƙin hayaƙi ta wuce. Amma in ta fara sanyin nan hayaƙin ma ɗaukewa yake yi, salansa ta koma fes, sai dai murya na mutuwa.

Baba Mai Injekta (Mile 12): To alhamdu lillahi. Kada ka bari a kwance ko noti ɗaya a kan injin nan tukuna.

Injin gas hayaƙinsa yake faɗin ciwonsa. In mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, baƙi za ka gani. In yana cin baƙin mai ta ringi, shuɗi-shuɗi. In man bai ƙone ba, ko ruwa na shiga silinda, fari. Amma a ce kaya sun danne inji, gwamna, wato na'urar cikin injekta da ke daidaita yawan mai, ta buɗe iya buɗewarta tana neman mai, sannan salansa ta yi fes, ai ma'anarsa man ne bai iso ba. Yunwa take ji, Alhaji.

Kuma ɗana na Ladipo, dubi abin da ya faɗa da farko: bugu ɗaya take tashi da sanyin safiya. Injin gas ba shi da fulogi, zafin matsi ne ke kunna mai. Wanda ringinsa ya mutu da safe ake gane shi, sai an yi ta juya shi, ko a tura, ko a kunna masa tsumma a bakin iska. In ya ɗumama ma sauƙi yake samu. Kuma ban taɓa ganin ringin da ke warkewa don an huta minti 10 ba.

Ɗan Ladipo: Baba na ji, kuma ba na ja da kai. Amma ni ma kullum masu tarakta na zuwa shagonmu na kayan gyara a kasuwar Ladipo. Za a yi ta canja filta ana ɓata lokaci, ƙarshe dai a dawo kan ringi bayan damina ta wuce.

Kaniken Owode: Ni kafin a je ga mai ma, a cire kuloci daga lissafi. Alhaji, in tana sanyi, muryar inji ce ke faɗuwa, ko inji na ihu amma tarakta ba ta tafiya? In na biyun ne kuloci ke silɓi, har za ka ji ƙaurinsa. A kuma taɓa wajen birki bayan an yi aiki, in gefe ɗaya ya yi zafi fiye da ɗayan to yana riƙewa. Sannan garmar taka faranti nawa ce?

Baban Hafsat (Agege): Oga, muryar ce ke faɗuwa, babu ƙauri. Garma faranti 3 ce, kuma da ita ta yi aikin bara ba ta taɓa yin haka ba.

Kaniken Owode: To kuloci ya fita. Allurar zafi fa? Ciyawa da ƙaiƙayi na toshe fuskar lagireto, inji ya yi zafi ya fara kamewa, in ya huce ya sake.

Baban Hafsat (Agege): Allurar na aiki, ba ta wuce tsakiya. Ruwa ma ba ta ragewa.

Ɗalibin Yaba: Baba don Allah a yi mini bayani, ina koyo ne. In hanyar mai ce ta toshe, me ya sa ba ta nunawa a silo ko a kan titi? Kuma me ya sa sai bayan minti 20?

Baba Mai Injekta (Mile 12): Tambaya mai kyau, yarona. A silo injin nan ɗan mai kaɗan yake sha, ko ta ƙaramar kafa zai ishe shi. A titi ba kaya ma haka. Huɗa ce ke neman mai mafi yawa, kuma ba ta sassautawa daga wannan bakin gona zuwa wancan. To in abin da ke saukowa daga tanki bai kai abin da inji ke sha ba, da farko ba za ka gane ba, domin akwai ajiya a cikin filta da bututu da cikin injektar kanta. Yana ci yana rage ajiyar har ta ƙare. In aka tsaya, man ya sake tsattsafowa ya cika su. Ga kuma girgizar gona: dattin da ya kwanta a ƙasan tanki sai ya tashi, tsotson famfo ya jawo shi ya manne a rariya. In an kashe inji tsotso ya saki, wani dattin ya faɗi, hanya ta ɗan buɗe.

Alhaji, ga yadda nake so a bi ta, daga sama zuwa ƙasa, kada a tsallake. Ba ya cin kuɗi.

Ka shiga huɗa har ta fara sanyi. A daidai lokacin, inji na aiki, a buɗe murfin tanki. In ka ji ya ja iska fuu, kuma murya ta dawo, to 'yar kafar numfashin murfin ce ta toshe. Mai ba ya sauka daga tankin da iska ba ta shiga.

In ba shi ba ne, a kashe inji, a kwance bututun da ke fita daga makullin mai na ƙasan tanki, a tara roba mai tsabta a buɗe. Kada a duba na daƙiƙa 5 a ce yana zuwa. A bar shi ya yi minti 2 ko 3. Wanda ya toshe da ƙarfi yake farawa, sannan ya koma ɗigo. A saman makullin nan akwai 'yar rariya da ke tsaye a cikin tanki, ba a ganinta sai an zare makullin, shi ya sa kanikawa da yawa ke mantawa da ita.

Daga nan sai ƙaramin famfon nan mai hannu, wanda ake bugawa in za a cire iska. Shi ma yana da rariyarsa, wani a saman kwalbar gilashi, wani a ƙarƙashin murfi. In robar cikinsa ta gaji ba zai tura mai yadda ya kamata ba, in ta fashe kuma man gas zai riƙa gangarawa cikin baƙin mai. Don haka a zaro sandar gwajin baƙin mai: in ya ƙaru da kansa, ya tsinke, yana warin gas, an kama ɓarawo.

Direban Apapa: Baba ka ba ni dama in sa baki. Alhaji, a ina kake sayen man? Mu da muke kan hanya mun sha wuyar man jarka. Wani an gauraya shi da kalanzir, wani da ruwa a ƙasa, wani durom ɗin ma tsatsa ce zalla. Ka zuba a kwalbar ruwa fara ka ajiye ta kwana, da safe za ka ga ruwan ya kwanta a ƙasa da layinsa. Kuma Legas ba Funtuwa ba ce. A can iska busasshiya ce rabin shekara. Nan kuwa ga laima, ga Epe a bakin ruwa. Tankin da aka bari rabi ya kwana, da asuba cikinsa gumi yake yi, ruwan ya gangara ƙasa. Inda ruwa ya haɗu da gas a nan wani baƙin yauƙi ke tsirowa. Ni da idona na ga an kwashe shi da hannu daga tankin mota.

Baba Mai Injekta (Mile 12): Gaskiyarka Malam. Kuma injektar 135, wato ƙirar kamfanin CAV mai juyawa, ba ta da baƙin mai nata. Man gas ɗin da ke ratsa ta shi ne maiƙonta. Kalanzir ba shi da santsin da zai riƙe ta, ruwa kuma tsatsa yake sa mata. Wanda ya saba da man jarka yana cin injektarsa a hankali bai sani ba.

Baban Hafsat (Agege): A durom nake saya in kai gona, don gidan mai da nisa. Durom ɗin a waje yake, an rufa masa buhu.

Hajiya Maman Abba (Ikorodu): Alhaji ina cikin masu jira, amma wallahi gara ka bi ta a hankali. In aka sauke injin nan yanzu, tsakanin neman kaya da kai wa masu gyaran ƙarfe da haɗawa, sai ruwan Yuni ya kankama, kuma ka san ƙasata in ta sha ruwa tarakta ba ta shiga. Baba, in abin da kake zato ne, yini nawa zai ci?

Baba Mai Injekta (Mile 12): Hajiya in Allah ya yarda yini ɗaya, in tanki na buƙatar wanki ya kwana yana bushewa.

Ɗan Ladipo: To Baba in an bi duk wannan ba a ga komai ba fa?

Baba Mai Injekta (Mile 12): Sai a rataya jarkar mai mai tsabta a sama, a jawo tiyo fari daga ita zuwa ƙaramin famfo, a tsallake tanki gaba ɗaya, a shiga huɗa. In ta yi aiki lafiya, laifin na tanki ne. In ba ta yi ba, a mayar da farin tiyon tsakanin filta da injekta a duba ko kumfa na wucewa, don iska na iya shiga ta washa ko ta robar filta da ba ta zauna daidai ba, ba tare da ka ga ɗigon mai a waje ba. Sai duk wannan ya wuce sannan a zo kan 'yar rariyar da ke mashigar injekta, sannan nozul masu fesa mai cikin silinda, sannan a gwada kwamfreshan da agogo. In agogo ya ce ringi, ni da kaina zan turo Alhaji shagonku.

Baban Hafsat (Agege): Salam. Yau na bi ta Ikorodu da Itoikin na isa gona da hantsi, na tsaya a kan aikin da kaina. Ga abin da muka gani.

Da na je buɗe murfin tanki sai na tarar da leda baƙa an ninka an shimfiɗa a bakin tankin, sannan aka ɗaura murfin a kai. Direba ya ce robar murfin ta mutu tun bara, yana tsoron ruwan sama ya shiga, shi ya sa yake sa leda. Mun shiga huɗa a haka, da ta fara sanyi na buɗe, ya ja iska kamar yadda Baba ya ce, murya ta ɗan ɗago. Na yi murna, amma ba a je ko'ina ba ta sake faɗuwa, murfi na hannuna.

Sai muka kwance bututun makulli. Da farko mai ya fito da ƙarfi har ya fantsama a hannun yaron. Kafin minti ɗaya ya sirance, ya koma ɗis, ɗis. Muka juye man a bokitai muka zare makullin. Wallahi rariyar ba a ganin ramukanta ko ɗaya. Baƙin yauƙi ya lulluɓe ta, da ɓarɓashin tsatsa, ga wani yankin leda kamar faɗin yatsa biyu ya yi laushi ya naɗe a jikinta. Na leƙa tankin da tocilan, akwai wasu guntayen ledar suna yawo. A ƙasan bokitin ƙarshe ruwa ya kwanta, ja-ja. Filtar da aka sa sabuwa ma da muka buɗe ƙasanta ruwa ne.

Direban Apapa: Allahu Akbar. Ledar ce ta toshe numfashi a sama, gutsattsarinta suka toshe hanya a ƙasa. Alhaji kada ka yi wa direban faɗa da yawa, gyara ya yi niyya. Murfi sabo kawai za ka saya masa.

Baba Mai Injekta (Mile 12): Masha Allah. Yanzu kada a yi rabin aiki. A sauke tankin gaba ɗaya, a zuba gas mai tsabta da 'yan notina a ciki a girgiza sosai su kankare tsatsar, a zubar, a maimaita har ya fito fes. A ƙirga notinan kafin a zuba, a ƙirga bayan an juye. Kada kowa ya kusanto da wuta ko walda wajen tankin. A busa bututai, a wanke rariyar ƙaramin famfo, a sake filta da robobinta sababbi, kuma a tabbata tsohuwar robar sama ta fita kafin a sa sabuwa, don in suka hau kan juna iska za ta shiga.

Wajen cire iska a fara da sukurun kan filta, a yi ta buga hannun famfo har mai ya fito ba kumfa. In hannun ya yi sakwaf ba ya tura komai, a ɗan juya inji kaɗan, zai kama. Sannan sukurori 2 na jikin injekta, na ƙasa kafin na sama, kuma a ɗaure su a hankali don saurin karyewa gare su. Daga ƙarshe a sassauta bututan nozul a juya inji har su tofo mai, a ɗaure. Roƙona ɗaya, kada yaro ya sa yatsa ko tafin hannu a gaban man da ke fita daga nozul. Ƙarfinsa na huda fata ya shiga nama, kuma aikin asibiti ne na gaggawa.

Baban Hafsat (Agege): An yi duk yadda ka ce Baba, Allah ya saka da alheri. Jiya ta yi huɗa daga safe har azahar ba ta yanke ba. Sai dai abu biyu. Yanzu in ta shiga wuri mai nauyi baƙin hayaƙin ya fi na da yawa. Kuma in aka taka totur ba kaya, ihunta ya wuce yadda na san ta.

Ɗan Ladipo: Kun gani ko? Da ma na ce injin ya gaji. Mai ya iso yanzu, ga shi ta kasa ƙone shi.

Kaniken Owode: Dakata ɗan'uwa. Alhaji, yaushe rabon da a buɗe tukunyar iska, wato mai tace iskar da inji ke shaƙa? Tsofaffin 135 da yawa mai kwanon baƙin mai ce a ƙasa. In an daɗe ba a taɓa ba, man ya zama taɓo, ragar ƙarfen ciki ta cushe. A wanke kwanon, a wanke ragar da gas a bar ta ta tsane, a zuba sabon mai daidai layin da aka zana, kada a wuce, don in ya yi yawa inji zai zuƙe shi. Tiyon da ya taho daga tukunyar ma a matsa shi a ji, in ya yi laushi yana iya shaƙewa in inji ya ja iska da ƙarfi.

Baba Mai Injekta (Mile 12): Oga ya riga ni. A fara da iska. Ihun kuma, Alhaji ɗauko mini hoton injektar ta sama, wajen da sandar totur ke tsayawa.

Baban Hafsat (Agege): Na tura maka. Akwai wata 'yar waya da dalma a jiki, a tsinke take.

Baba Mai Injekta (Mile 12): Na gani, kuma abin ya ɓata mini rai. Wannan sukurun da bakaniken nan naka ya kwance ba ya ƙara wa inji mai a ƙarƙashin kaya. Iyakar gudun inji yake tsarewa, shi ya sa aka ɗaure shi da waya aka buga masa dalma. Perkins ɗin nan a wajen juyi 2,250 a minti yake ba da ƙarfinsa na doki 45, abin da aka gina shi a kai ke nan. In aka bar shi yana wuce iyaka, tsohon inji ne, wata rana kwanrod, sandar da ke riƙe da fistin, zai fito ta gefe. Tun ina yaro a Bauchi, lokacin da ake haɗa taraktocin Steyr a garin, abin da manyanmu suka fara hana mu ke nan: hannunka kada ya taɓa abin da aka sa wa dalma sai a kan injin gwaji. Ka gaya wa direba kada ya kai totur ƙarshe har sai an mayar da shi. Ka kuma duba inda injektar ta haɗu da jikin inji, wajen notina 3. Akwai zane a jikinta da zane a jikin inji, su kasance a layi ɗaya. In mutumin ya juya ta, shi ma yana kawo hayaƙi.

Ɗan Ladipo: Ni dai Alhaji ka duba tiyon da ke fitar da tururin inji ta ƙasa in ta yi zafi. In yana bulbulo hayaƙi, maganata na nan, ko bana ko baɗi.

Baba Mai Injekta (Mile 12): Wannan gaskiya ne, a duba. Ɗan tururi kaɗan ba komai ba ne a injin da ya kai shekarunta. In yana huci da ƙarfi yana tofar da baƙin mai, ko tana shan baƙin mai kullum, sai a shirya mata aiki da rani, a natse, ba a tsakiyar damina ba.

Ɗalibin Yaba: Baba tafet fa, ba ya cikin lissafi?

Baba Mai Injekta (Mile 12): Yana ciki. Tafet ɗin, wato 'yar tazarar da ake bari a kan bawul, milimita 0.30 ne in inji ya yi sanyi, na shiga da na fita duka. In bawul ya matse ba ya rufuwa sosai in ya yi zafi, ƙarfi ya ragu. Aikin rabin awa ne da filla-geji, siraran ƙarafan nan na auna tazara, ranar da za a cire nozul sai a haɗa.

Baban Hafsat (Agege): Mun buɗe tukunyar iska, taɓo ne har rabin kwano, sai da muka sa cokali. Bayan wanki hayaƙin ya ragu ƙwarai, sai in ta ci karo da saiwa. Zanen injekta yana kan layi. Tiyon ƙasa yana ɗan tururi amma ba ya tofar da mai. Durom kuma na sa an ɗora shi a kan katako a ƙarƙashin rumfa, an ɗan karkata shi, ba za a riƙa ɗiba daga can ƙasa ba, kuma na ce a cika tanki kowace yamma bayan an tashi.

Direban Apapa: Ka ƙara da mazurari mai rariya, kuma ranar da aka kawo sabon durom a bar shi ya kwana kafin a ɗiba.

Hajiya Maman Abba (Ikorodu): To Alhaji yaushe zan sa ran ku?

Baban Hafsat (Agege): Hajiya in sha Allahu Litinin da safe. Akwai kadada ɗaya da ta rage a nan, gobe za a gama. Baba, sukurun gudun fa, sai an ciro injektar an kawo maka, ko za a iya saita shi a jikinta?

Baba Mai Injekta (Mile 12): A jikinta za a yi, da agogon auna juyi. In kun iso Ikorodu ka kira ni, daga Mile 12 ba nisa. Zan zo da agogon da filla-geji, in ciro nozul ɗin guda 3 in kai su gwaji da yamma, Talata da safe a mayar. Ka tanadi washar tagulla sababbi guda 3 da gaskit na murfin tafet, kuma a kashe ta tun da azahar don injin ya huce kafin in iso.